Ba a Ranar Zaɓe Ake Kayar da Mace Ba

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, 'yar kasuwa kuma ɗalibar ajin yaƙi da jahilci, ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba da 'yan kwamitinta, malamanmu na ajin yamma, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka daure suka zauna can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Kwamiti sun ba ni tambaya guda su ka ce in yi magana a kai: me ya sa har yau mace ba ta ci zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya ba? Da hannuna na rubuta wannan takarda, don haka in kun ji na ɗan tsaya, haruffa nake bi, a yi mini uzuri. Shekaru da lissafin da za ku ji kuwa, daga rediyo na tara su da jaridun da muke karantawa a aji, malamarmu ta bi ta duba mini.

Amsar da muka saba ji ita ce wai mata ba sa zaɓen mata. Maza na faɗa, mu ma muna faɗa. A zaɓen 2023 mutum miliyan 93 ne da ɗoriya suka yi rajista, kusan rabinsu mata, sai a ce to, da kuna son junanku ai da tuni kun ɗora taku. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma daga kasuwa zan kawo dalilina.

Duk wadda ke sana'ar kayan gwari a nan ta sani, mai cefane in ya zo da hantsi gani yake shi ke zaɓe. Ya ɗaga wannan kashin tumatir ya ajiye, ya latsa wancan, ya nemi gyara. Amma zaɓen gaske an gama shi tun asuba a wajen sari, lokacin da mota ta sauke kaya, dillalai da masu jari suka raba kwanduna. Abin da ba a saro ba, ba a kasa shi. Abin da ba a kasa ba kuwa, mai cefane ba zai saya ba ko kuɗinsa sun cika aljihu. To ranar da muke shiga layi mu dangwala, hantsi ne. Asubar ita ce zaɓen fid da gwani na manyan jam'iyyu, kuma mu ba ma wurin.

Ku ji yadda asubar take. A watan Janairun 2011 jam'iyyar PDP ta yi zaɓen fid da gwani a Abuja. Mutum uku suka tsaya. Goodluck Jonathan ya samu ƙuri'a 2,736, Atiku Abubakar ya samu 805, Sarah Jibril ta samu ɗaya. Ɗaya tak. Wannan mata tun 1992 take neman kujerar. Aka yi ta ba'a a gari wai ƙuri'ar ma tata ce. Bayan shekara goma sha ɗaya, a 2022, PDP ta sake zama. Atiku ya samu 371, Nyesom Wike ya samu 237, macen da ta shiga ita ma ɗaya ta samu. A APC, mace ɗaya ce cikin masu nema, Uju Ken-Ohanenye, ita kuma a daren taron ta janye wa Bola Tinubu, kamar yadda wasu mazan ma suka janye. Ku lura da yawan masu zaɓen. Daliget ɗin PDP ba su kai dubu ba, na APC ba su kai dubu uku ba. Su suka yi wa mutum miliyan 93 sari.

Da aka zo hantsi, 'yan takara 18 ne a takardar ƙuri'a, mace ɗaya, Chichi Ojei ta jam'iyyar APM. Don Allah wadda ta san alamar APM a ɗakin nan ta ɗaga hannu. Kun gani. Haka Farfesa Remi Sonaiya ta tsaya a jam'iyyar KOWA a 2015, ta samu ƙuri'a dubu goma sha uku da 'yan kai a faɗin ƙasa. Ƙaramar jam'iyya ba ta jin wuyar ba mace tuta, don ba abin da za ta rasa. In ki ka ƙi jefa wa jam'iyyar da ba ta da ko ofis a garinku, ba macen ki ka ƙi ba, ƙuri'arki ki ke tattali.

Dokar ƙasa ba ta hana mu ba, wannan a sani. Mun karanta wurin a aji. Sharuɗɗa huɗu ne: mutum ya kasance ɗan ƙasa ta haihuwa, ya kai shekara 35, ya yi karatu daidai da sakandare, kuma jam'iyya ta tsayar da shi. Babu inda aka ce namiji. Amma wannan na huɗun shi ne ƙofa, don a Najeriya ba a tsayawa takara ba jam'iyya. Sannan wanda zai ci sai ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 24 aƙalla. Rumfunan zaɓe sun haura dubu 176. Kowace rumfa tana son wakilin da zai tsaya tun safe har a ƙirga, a ba shi na abinci da na mota. Wa ke da mutane a ƙananan hukumomi 774? Babbar jam'iyya. Wa ke riƙe da babbar jam'iyya a jiha? Gwamna.

Nan nake so ku saurare ni da kyau, don ni nan ne idona ya buɗe. Ku ƙirga shugabannin da aka zaɓa daga 1999. Obasanjo, janar ɗin soja ne, tsohon shugaban mulkin soja. Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, gwamnan Katsina. Jonathan, gwamnan Bayelsa, sannan mataimakin shugaban ƙasa. Buhari, Allah ya jiƙansa, janar ne shi ma, tsohon shugaban mulkin soja. Tinubu, gwamnan Legas. Mutum biyar, ƙofa biyu: ko gidan gwamnati, ko barikin soja. Ƙofar soja, sai a 2011 aka fara ɗaukar mata a makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna a sahun da ke kai mutum ga jagorancin mayaƙa. Ƙofar gwamna kuwa, jihohi 36, zaɓe bayan zaɓe tun 1999, ba a taɓa rantsar da mace ko ɗaya da aka zaɓa gwamna ba. Virginia Etiaba ta riƙe Anambra daga ƙarshen 2006 zuwa farkon 2007, wata uku, don majalisar jihar ta tsige Peter Obi, ita kuma mataimakiyarsa ce. Da kotu ta maido shi ta sauka. To wadda ba a bari ta taka matakalar tsakiya ba, yaya za a tambaye ta don me ba ta hau soro ba?

Kada wani ya ce ai babu ƙwararru. Ngozi Okonjo-Iweala sau biyu tana ministar kuɗi, tun 2021 kuma ita ke shugabantar ƙungiyar ciniki ta duniya. Amina Mohammed, 'yar Gombe, tun 2017 ita ce mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Zainab Ahmed ta riƙe ma'aikatar kuɗi daga 2018 zuwa 2023. A Kaduna Dakta Hadiza Balarabe sau biyu tana zama mataimakiyar gwamna. Amma ku duba, waɗannan kujeru duk ɗauko mutum ake yi a ɗora. Sa hannun mutum ɗaya ya isa. An yarda a ba mace ajiyar kuɗin ƙasa baki ɗaya, kamar yadda maigida ke ba uwargida makullin rumbu. Makullin jam'iyya ne ba a bayarwa.

Abin mamaki, sau biyun da mace ta fi kusantar kujerar gwamna, duk a Arewa ne. A 2015 Hajiya Aisha Alhassan, wadda ake kira Mama Taraba, Allah ya jiƙanta, kotun sauraron ƙarar zaɓe ta ba ta nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta soke, kotun ƙoli ta tabbatar da Darius Ishaku. Sai Sanata Aishatu Binani a Adamawa. Abin da aka fi tunawa shi ne rikicin watan Afrilun 2023, da kwamishinan zaɓe na jihar ya sanar ta ci tun ba a gama tattara sakamako ba, hukumar zaɓe ta soke sanarwar, daga baya aka bayyana Ahmadu Fintiri da tazarar ƙuri'a dubu talatin da ɗoriya. Ni ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne yadda ta samu tutar tun farko. A zaɓen fid da gwani na 2022 ta kayar da manyan maza, har da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Bindow. Ta samu 430, Ribadu ya samu 288. A ƙa'idar jam'iyyar ta lokacin, cikin daliget biyar na kowace mazaɓa, biyu mata ne. Ga shi ta daɗe tana hulɗa da matan ƙauyuka tun tana majalisa. Wato ranar da aka bar mata suka je wajen sari, mace suka saro. Kuma ranar zaɓe mutum kusan dubu ɗari huɗu suka jefa mata ƙuri'a, maza da mata, Musulmi da Kirista. Shi ya sa in aka ce mini mata ba sa zaɓen mata, sai in ce a tambayi Adamawa.

Sai maganar kuɗi, wadda ba sai na koya wa kowa a nan ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40. A lokacin mafi ƙarancin albashi dubu 30 ne. Na buga lissafin a aji, malama ta ce daidai ne: ma'aikacin da ke karɓar dubu 30, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi shekara 277 kafin ya tara kuɗin fom. An ce an yi wa mata rangwame, su biya na nuna sha'awa kawai. A APC wannan ɗin miliyan 30 ne, shekara 83 ke nan. Kuma fom tikitin shiga kasuwa ne kawai, ba jari ba. Dokar zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar shugaban ƙasa ya kashe har biliyan biyar, abin da ake yi a bayan fage da daliget kuwa jaridu sun sha faɗa, da dala ake yi.

Ina mace za ta samo wannan? Mu da muka kafa ƙungiyar nan mun san dalilin kafa ta. Ki je banki neman bashin dubu ɗari biyar, a ce ki kawo takardar fili. Filin da sunan wa? Gadon ma da Allah ya yanka mana, gonaki da gidaje nawa ne ke hannun 'yan'uwa maza ana cewa ana juya mana? Mazan da ke siyasa shekara da shekaru suna samun kwangila da lasisi da muƙami, abokansu ma haka, ranar takara su yi wa juna gudummawa kamar biki. Mu adashi muke da shi. Adashi ya aurar da 'ya'yanmu, ya saya mana keken ɗinki da injin markaɗe, alhamdulillahi, amma bai sayen daliget. Rangwamen fom ɗin ma wani lokaci kansa yake juyawa. In aka zo sasanci sai a dubi macen a ce, Hajiya ke da ba ki biya cikakke ba, ki haƙura ki bar wa wanda ya zuba kuɗinsa.

Akwai kujera guda da kowace jam'iyya ta ware mana tun daga mazaɓa har tarayya, shugabar mata. Aikinta kun san shi. Wata shekara, a wata jam'iyya da ba sai na ambaci sunanta ba, an aiko a ce mu fito taron mazaɓa. Muka rufe rumfuna, muka ɗinka anko da kuɗinmu, muka cika motoci biyu. Tun ƙarfe goma muke rana muna guɗa. Sai la'asar wani ya fito daga cikin gida da takarda ya karanta sunayen shugabanni da daliget, wai an yi maslaha. An rubuta sunayen tun daren jiya a falon wani babba. Aka raba mana taliya da sabulu da kuɗin mota. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan daren shi ne wata matsalar. Siyasar ƙasar nan da dare ake ƙulla ta, ƙarfe ɗaya, ƙarfe biyu, a otal ko a gidan ubangida. Namiji ya dawo da asuba, a ce yana fama da jama'a. Mace ta dawo ƙarfe goma sha ɗaya, kafin gari ya waye an raɗa mata sunan da ba zan maimaita a gaban iyayena ba. In tana da aure a ce ta fi ƙarfin mijinta, a riƙa yi masa dariya a majalisa har ya ce ta bari. In ba ta da aure a ce wadda ta kasa riƙe gida ina za ta riƙe jiha. In 'yar Katsina ce ta yi aure a Kano, a Kano a ce baƙuwa ce, a Katsina a ce ai ta tafi. Ban taɓa jin an tambayi ɗan takara namiji wa zai dafa wa 'ya'yansa abinci ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, wasu daga cikin masu yaɗa irin wannan magana a gidan suna da gidan biki mata ne. In akwai inda muke da laifi, nan ne.

Ga kuma tsoro. A Nuwambar 2019, bayan zaɓen gwamna a Kogi, an ƙona wata shugabar mata ta mazaɓa, Salome Abuh, a cikin gidanta. Mace mai 'ya'ya in ta ji wannan, ta ga 'yan bangar siyasa da makamai a ƙofar rumfar zaɓe, dole ta yi tunani sau biyu.

Mu 'yan Arewa kuma a makare muka shigo. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959. Iyayenmu ba a ba su wannan 'yanci ba sai 1976, babban zaɓen da suka fara shiga layi shi ne na 1979. Wato 'yancin da kaɗan ya girme ni. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, saboda wannan magana aka yi ta ɗaure ta, ana lissafa har sau 16, aka yi mata bulala, aka aske mata kai. Malam Aminu Kano kuma, a takararsa ta 1983, mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo, sai Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilu kafin zaɓe. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya, har yau babu ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu biyun da ta sake kwatanta haka.

Na san akwai masu jira su ji me zan ce kan addini. Akwai hadisin da malamai da yawa ke kafa hujja da shi a kan shugabancin mace, akwai kuma malaman da ke ganin bai shafi kowace irin kujera ba. Wannan fagen malamai ne, na bar musu, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abu biyu kawai na lura. Na farko, Pakistan ƙasar Musulmi ce ta zaɓi jam'iyyar Benazir Bhutto a 1988 ta zama firaminista, Bangladesh ma mata biyu sun daɗe suna karɓa-karɓa, Khaleda Zia da Sheikh Hasina. Amma dukkansu 'ya'ya ne ko matan tsofaffin shugabanni, jam'iyyar suka gada kamar yadda ake gadon rumfa. Na biyu, a jihohin Kudu da ba a kafa wannan hujja, mace ba ta zama zaɓaɓɓiyar gwamna ba. Amurka ma da ke yi wa duniya wa'azi ba ta taɓa yin shugaba mace ba. Hillary Clinton ta faɗi a 2016 duk da ta fi yawan ƙuri'un jama'a, Kamala Harris ta faɗi a 2024. Ashe ko an cire maganar addini, ƙofar tana nan a rufe.

A Afirka ma wasu daga cikin waɗanda suka hau, rasuwa ce ta fara buɗe musu. Joyce Banda a Malawi a 2012, Samia Suluhu Hassan a Tanzaniya a 2021, duk mataimaka ne shugaba ya rasu. Joyce Banda da ta tsaya zaɓe a 2014 faɗuwa ta yi.

Guda biyu ne nake so mu duba. Ta farko Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka, a 2005. Ta taɓa zama ministar kuɗi, ta sha ɗauri, ta tsaya a 1997 ta faɗi. A 2005 ƙasar ta fito daga yaƙin basasa, tsofaffin jam'iyyu sun wargaje, mutum 22 suka tsaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A zagayen farko ɗan ƙwallon nan George Weah ne a gaba, a zagaye na biyu ta samu kashi 59 cikin ɗari. Abin da ya sa labarin ya shiga raina shi ne matan kasuwa. Lokacin rajista da yawa sun ce ba za su bar tebur su je su wuni a layi ba, wa zai sayar musu? Sai wasu matan suka riƙa zuwa suna tsare musu tebur, suna riƙe musu goyo, su kuma su je su yi rajista su dawo. Irin abin da muke yi wa juna kullum in ɗaya za ta je asibiti ko ta'aziyya. Da shi aka yi shugabar ƙasa.

Ta biyu Netumbo Nandi-Ndaitwah ta Namibiya, da aka zaɓa a Nuwambar 2024, aka rantsar a Maris 2025, tana da shekara 72. Ita ba yaƙi ba gado. Tun tana yarinya take cikin jam'iyyar SWAPO. Ta yi minista a ma'aikatu da dama, ta yi mataimakiyar firaminista, a 2017 ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyya. Jam'iyyar kuma tun 2013 ta sa doka a kanta cewa a muƙamanta in an sa namiji, na gaba mace. Ta wannan matakalar ta hau, taki ɗaya bayan ɗaya.

Mu a nan an nemi irin wannan doka. Ranar 1 ga Maris 2022 majalisar tarayya ta yi ƙuri'a kan ƙudurori biyar da suka shafi mata, ciki har da na ware mana kujeru a majalisa, da na ba mu kashi 35 cikin ɗari na shugabancin jam'iyya, da na bai wa mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Duk suka faɗi. Mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa. Amma wa zai ɗaga hannu a ciki? A zaɓen 2023, cikin sanatoci 109 mata uku aka bayyana, kotu ta ƙara ɗaya suka zama huɗu. A majalisar wakilai mai kujera 360 ba su kai ashirin ba. An sake shigar da ƙudurin kujerun mata a majalisar da aka zaɓa a 2023. Duk wadda ɗan majalisarta ya zo gaisuwa ko rabon kayan azumi, ta tambaye shi a gaban mutane ina ya tsaya a kan wannan.

Hajiya shugaba, ina da roƙo uku ga kwamiti, a sa su a zaman wata mai zuwa. A ƙirga mana, cikin mambobi su wa ke da katin zaɓe, su wa kuma ke da katin jam'iyya, kowace jam'iyya ce, ba ruwan ƙungiya da wadda mutum ya zaɓa. Mai katin jam'iyya ce kaɗai ke da bakin magana ranar da za a fitar da daliget. Sannan in lokacin rajista ko taron mazaɓa ya zo, mu tsara tsaron rumfa layi-layi, wadda ta tafi kada ta yi asarar cinikin ranar. Na uku, mu rubuta wa sarkin kasuwa takarda. Mu ne muka fi yawa a layin kayan miya da na hatsin awo, muna biyan kuɗin rumfa da na shara da na gadi, amma in za a zauna a yanka waɗannan kuɗaɗe ba a kiranmu. Mu nemi kujera biyu a kwamitin kasuwa, ban da ta shugabar mata, kuma mu sa sunayen waɗanda muke so a cikin takardar. In an amince, ni zan rubuta ta.